Taku Goma Sha Ɗaya

A bayan gidanmu a Kakuri,
tsakanin rijiya da bishiyar gwaiba,
akwai motar sulke.

Baba Tsalha ya sayo ta a kilo,
ranar da 'yan gwangwan suka kewaye ta
suna shirin feɗe ta kamar sa.
Rabin kuɗin sallamarsa na masaƙa
a kanta ya ƙare.
Inna ta yi wata guda
tana ajiye masa tuwo ba sannu.

Tayoyi huɗu, uku sun sace.
Tsatsa ta ci ta cin gara,
cikinta jaɓa ta haihu ta yi jikoki.
Bakin bindigar tuni an liƙe shi da walda.
Baba ya shafa wurin ya ce madalla,
ni ba faɗa na sayo ba, inji na sayo.

Asabar ta Panteka ce.
Noti ɗaya a aljihu, ƙulle a leda,
rumfa rumfa, har rana ta take tsaka.
Ilu mai sassaƙar ƙarfe ya juya shi a tafi,
ya ce wannan haƙorin Ingila ne, Baba,
an daina haihuwar irinsa.
Baba ya ce to haifa min.
Kwana tara, ya haifa.

Ni ce mai riƙe tocila.
Haska nan, Hansatu, ba fuskata ba.
A haka na san sifana sha uku daga sha huɗu,
na san ƙusar da ta ƙi
ba a yi mata ƙarfi,
kananzir ake ba ta a kwana,
da safe a sake gaishe ta.

Wata rana ina kankare ciki,
kusa da inda gwiwar direba ke taɓawa,
sai ga rubutu da bakin ƙusa:
Yohanna, Zonkwa.
A ƙasansa zane tsaye tsaye,
talatin da ɗaya,
daga nan ƙarfe ne kawai.

Na ce Baba, me ya tsayar da shi?
Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.
Ya ce wataƙila hutu ya samu.
Wataƙila ƙusar ce ta faɗi.

Da muka zo fenti, kore ko'ina,
nan wurin ya rufe da takarda.
Har yau yana nan, faɗin tafin hannu,
launin tsatsa.

A daminar shekara ta huɗu ta yi tari.
Ta sake yi.
Sannan ta buɗe maƙogwaro,
kaji suka watse, kwanon rufi ya ɗauki rawa,
maƙwabta suka jera kai a katanga.
Baba a ciki, ba a ganin komai sai hularsa,
ya sa giya,
ta taka ɗaya, biyu,
ta wuce rijiya,
goma sha ɗaya,
ta tsaya.

Katanga.
Shi ya gina ta da hannunsa
bayan motar ta shigo, saboda ɓarayin ƙarfe,
ya bar ƙofa daidai wucewar babur.

Inna ta yi dariya har ta zauna a turmi.
Shi ma ya leƙo, duk hayaƙi, yana yi.
Ya ce dama ina za ta?
Inda ta je can baya ai ya ishe ta.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar
gaba goma sha ɗaya, baya goma sha ɗaya,
kada batir ya mutu.
Sauran kwanaki Inna na shanya kuɓewa a bayanta,
ta ce ba ta taɓa samun faifai mai zafin wannan ba.

Bana hannunsa ya fara rawa.
Sifana ta dawo wurina,
tocila ta koma wurinsa.
Ina kwance a ƙasa, mai na ɗiga a kunnena,
na ce haska nan, Baba.
Hasken ya yi yawo, ya yi yawo,
ya zo ya tsaya a fuskata.
Ban ce komai ba.
Na lalubi notin a duhu.